YADDA A KE RENON LIKITAN CIKIN JIKI: Doguwar Hanya Daga Kankiya Da Kusada

Mutanen ƙasar Kankiya da ta Kusada sun san wata 'yar takarda wadda ba mai murna in an miƙa masa ita. Ita ce wadda likita ya kan rubuta in ya duba majinyaci ya ga ciwon ya fi ƙarfin kayan aikin da ke gabansa, ya ce a wuce da shi Katsina ko Kano. In an isa can, wanda zai fara ɗora hannu a kan majinyacin galibi ba babban likitan nan da a ke jin sunansa ba ne. Wani saurayi ne, ko wata matashiya, da farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, idanu sun yi ja saboda rashin barci. Lalle likita ne cikakke, amma kuma almajiri ne, yana tsakiyar wani karatu mai tsawo wanda ba a aji a ke yin sa ba. Irinsu a ke ce wa likitoci masu neman ƙwarewa.

Yau muna so mu bayyana wa masu karatu, tun ba malaman makaranta da ma'aikatan ofis ba, yadda a ke renon wanda ya zaɓi fannin cututtukan cikin jiki, da shekarun da renon nan ya ke ci, da kuma dalilin da ya sa mu ke shuka da yawa amma abin da ke shiga rumbunmu kaɗan ne.

Wane Ne Likitan Cikin Jiki?

Aikin likita rassa gare shi. Akwai likitan fiɗa, wanda ke aiki da wuƙa da zare. Akwai na mata da haihuwa, akwai na yara, akwai na ido. Shi kuwa likitan cikin jiki na manya ne, maza da mata, kuma ba ya yanka. Makamansa su ne tambaya, da ido, da kunne, da tafin hannu. Bayan su sai awon jini da na fitsari da ɗaukar hoto, sa'an nan magani ya biyo daga ƙarshe.

Cututtukan da ke hannunsa kuwa su ne waɗanda ke cin mutum daga ciki: hawan jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da na ƙoda, da na hanta, da shanyewar ɓarin jiki, da tarin fuka, da farfaɗiya, da sanƙarau, da gyambon ciki, da amosanin jini, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Duk wanda ya duba jerin nan ya san ba gidan da bai taɓa ba.

Sana'ar ta daɗe. A 1816 wani likitan Faransa mai suna Laennec ya naɗe takarda ya kara ta a ƙirjin majinyaciya, ya ji bugun zuciya sarai, daga nan aka sami abin sauraron ƙirji. Tsarin horon kuwa daga Amurka ya taso. Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimo a 1889, babban likitansa na cikin jiki, William Osler, ya sa ƙananan likitoci su tare a cikin asibitin, su kwana nan su tashi nan, su koyi aiki a gefen gadon majinyaci shekara da shekaru. Saboda haka har gobe sunan da Turawa ke kiransu da shi ma'anarsa mazauna gida. Wannan ya yi kama da abin da mu ka sani tun kaka da kakanni. Ɗan maƙeri ba ya koyon ƙira da labari, sai ya zauna a maƙera ya ja zuga-zugi.

Yadda Abin Ya Zo Arewa

Dattawa suna tune da zamanin En'e, sa'ad da abin da gunduma ta ke tinƙaho da shi bai wuce ɗakin shan magani ba, da malami guda mai wanke gyambo da ba da kinin. Likita kuwa sai a babban gari, kuma yawanci Bature ne. Ɗan Arewa na farko da ya zama likita shi ne Dokta Russell Barau Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya yi karatunsa a Birmingham ta Ingila, kuma sunansa a ke kiran wani babban asibiti da shi a Kaduna.

An buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ita ce ta fara koyar da likitanci irin na jami'a a Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara nata a 1967. Amma a lokacin nan duk wanda ya gama ya ke son ƙwarewa, galibi sai ya haye teku ya je Ingila ya yi jarrabawar can. An rage wannan wahala da aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma a 1976, da Kwalejin Ƙasa ta Horon Ƙwararrun Likitoci a 1979, wadda mazauninta ke Ijanikin ta Jihar Ikko. Waɗannan biyu su ke tsara karatun, su ke zuwa su duba asibiti su ga ko ya cancanci ya yi horo, su ne kuma ke yin jarrabawa.

Matakalar Da A Ke Hawa

A ce ga yaro ɗan Rimaye ko Kafin Soli, ko yarinya 'yar Yashe ko Mawashi, Allah ya ba su kai, suna son wannan aiki. Ga matakan da ke gabansu.

Na farko, sakandare. Dole su ci Turanci, da lissafi, da fiziks, da kemistiri, da bayoloji da kyakkyawan sakamako, sa'an nan su sami maki mai yawa ƙwarai a jarrabawar shiga jami'a, gama masu neman gurbin likitanci sun ninka guraben sau da yawa.

Na biyu, jami'a, shekara 6. A kan fara da ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, sa'an nan a shiga sanin cututtuka da magunguna, daga nan a koma asibiti a riƙa bin manya. Wanda ya gama shi ke samun digirin da a ke kira MBBS, Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta yi masa rajista ta wucin gadi.

Na uku, shekara guda ta sanin makamar aiki. Zai yi kamar wata 3 a ko wane ɗaya daga manyan sassa huɗu: cikin jiki, da fiɗa, da yara, da mata. Sai manyan sun sa hannu sun ce ya iya, kana a ba shi cikakkiyar rajista.

Na huɗu, shekara guda ta yi wa ƙasa hidima, bisa tsarin da aka kafa a 1973. A wannan shekara ce sau da yawa asibitocin ƙananan garuruwa su ke samun sabon likita, wani lokaci baƙo wanda ko Hausa ba ya ji.

Sai bayan waɗannan shekaru 8 za a zo ƙofar ƙwarewa. Mabuɗinta wata jarrabawa ce ta share fage, wadda ke mai da mutum baya ga karatun farko na jami'a. In ya ci, sai ya nemi gurbi a asibitin da kwalejojin nan su ka amince da shi. A wannan yanki namu akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Horon kashi biyu ne. A kashi na farko, shekara 2 zuwa 3, ana zagayawa da shi sashe sashe: wata kaza wurin masu ciwon zuciya, wata kaza wurin ƙoda, haka huhu, da hanta da hanji, da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da suga, da fata, da ɗakin taimakon gaggawa. Daga nan ya shiga jarrabawa ta ɗaya, wadda ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. A kan tsai da shi gaban majinyaci na gaske, manyan malamai daga wasu asibitoci suna tsaye suna kallon yadda ya gaisa, da yadda ya taɓa, da abin da ya gano. Da yawa ba su ƙetare ta a karo na farko, sai su jira wata 6 su sake.

Wanda ya ƙetare ya zama babba cikin masu neman ƙwarewa. A kashi na biyu, wanda shi ma shekara 2 zuwa 3 ne gwargwadon reshen da ya zaɓa, zai tsaya a kan abu guda, ko zuciya, ko ƙoda, ko wani daban. Shi zai riƙa jagorantar na bayansa, kuma dole ya yi bincike na kansa ya rubuta shi littafi, ya je ya kare shi gaban malamai. In ya dace, sai a liƙa wa sunansa haruffan FMCP ko FWACP, ya cancanci a naɗa shi ƙwararren likita mai ɗakin majinyata nasa.

To, mai karatu, haɗa lissafin da kanka. Shida da ɗaya da ɗaya, takwas. Ƙara biyar ko shida, ka sami shekara 13 ko 14. Wannan fa in ba a faɗi jarrabawa ba, ba a yi yajin aiki ba, ba a kuma yi zaman jiran gurbi ba. Yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 ba zai hau kujerar nan ba sai ya ba 30 baya.

Karatun Gefen Gado

Da sassafe a kan taru a ji bayanin waɗanda aka kwantar da dare. Wanda ya kwana a bakin aiki shi zai tashi ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yi, manya su yi ta jefo masa tambayoyi. Daga nan sai zagayen majinyata gado gado, sai zaman duba waɗanda su ka zo daga gida, sai darasi da rana. Ran da kwanan aiki ya faɗo a kansa kuwa, ya kan wuni ya kwana ya kuma wayi gari a tsaye.

Ga misalin irin tunanin da a ke so ya saba da shi. An kawo manomi ɗan shekara 50, ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗaga, yana haki. A ƙauye wani zai ce sammu ne, wani ya ce daji ne. Shi kuwa likitan ya san gaɓoɓi uku ne a ke tuhuma: zuciya, da ƙoda, da hanta. Sai ya fara tambaya. Baba, kana iya kwanciya rigingine, ko sai ka jingina da bango? Numfashi ya kan tashe ka tsakar dare? In haka ne, zuciya ta fi kusa. Fuskarka ta kan kumbura da safe? Fitsarinka yana kumfa, ko ya ragu? Wannan ya karkata ga ƙoda. Ka taɓa yin shawara, idonka ya yi ɗorawa? Wannan ya nuna hanta. Sa'an nan ya dubi jijiyar wuya ko ta cika, ya saurari ƙirji, ya latsa ciki, ya auna jini. Kafin a kai ga na'ura, ya riga ya san inda zai sa a duba.

Amfanin wannan ga talaka babba ne, domin ko wane awo kuɗi ne, kuma daga aljihun majinyaci ya ke fita. Likitan da ya iya tambaya ya kan sa a yi awo biyu inda wanda bai iya ba zai rubuta goma. Watau ƙwarewar likita tana iya zama bambanci tsakanin a sayar da akuya da a sayar da gona.

Abin Da Duniya Ta Koya A Ƙasar Hausa

Kada a zaci ilmin nan daga waje kaɗai ya ke zuwa mana. Cikin shekarun 1970 sashen cikin jiki na Zariya, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry, ya yi suna a duniya. A can aka lura mata da yawa su kan zo da kumburi da haki 'yan makonni bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Parry da abokan aikinsa su ka bi diddigi, su ka danganta abin da shan kunun kanwa mai yawa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da a ke hura wuta a ƙarƙashinsa. Shekaru da yawa bayan haka, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da 'yan'uwansa likitocin zuciya su ka sake duba al'amarin, su ka nuna cewa talauci, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam suna da hannu a ciki. Haka ilmi ya ke, na baya ya ɗora a kan na gaba, ya kuma gyara shi.

A Zariyar dai David Warrell ya yi nazarin saran kububuwa, wadda a ke wa kirari da gobe da nisa, da yadda dafinta ke hana jini daskarewa. Brian Greenwood kuma ya yi aiki a kan sanƙarau, cutar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a annobar 1996, galibinsu a Arewa. Waɗannan duka a jikin talakawan ƙasar Hausa aka koye su. Haka kuma ko wane mai neman ƙwarewa a yau: littafinsa na gaskiya shi ne mutumin karkara da ya yarda a buɗe masa ƙirji a saurara. Wannan bashi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Inda Tulun Ya Ke Yoyo

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kankiya tana da mutum wajen 150,000, Kusada kuwa kusan 100,000, kuma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru ƙwarai. Amma horon ƙwarewa ba ya yiwuwa sai a babban asibiti mai ƙwararru da kayan aiki, saboda haka likita ya kan yi ƙuruciyarsa duka a birni. Can ya yi aure, can 'ya'yansa su ka shiga makaranta, can na'urar da ya koyi aiki da ita ta ke. In ya gama, komawa asibitin da ba hoton zuciya, ba wankin ƙoda, wani lokaci ba wutar lantarki, kamar a ba maƙeri maƙera ce ba gawayi.

Ga kuma batun haƙƙi. An sa hannu a kan dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa a 2018, wadda ta tanadi kuɗin jarrabawa da na kwasa-kwasai daga gwamnati. Duk da haka jinkirin biyan wannan kuɗi da na albashi ya sha jawo rigima. A 2021 ƙungiyarsu ta ƙasa ta tafi yajin aiki ran 2 ga Agusta, ba ta dawo ba sai farkon Oktoba. Da ya ke su ne ƙashin bayan asibitocin koyarwa, in sun ajiye aiki, mai takardar turawa daga ƙauye shi ya ke fara ji a jikinsa.

Babbar ɓaraka kuwa ita ce ƙaura. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi kansa likitan cikin jiki ne da ya fara karatu a Zariya, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun da su ka gabata, waɗanda su ka rage kuwa kamar 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ingila, da Amurka, da Kanada, da Saudiyya suna karɓarsu hannu biyu biyu. Mu mu ka yi noma, mu ka yi ban ruwa, wani ya zo da lauje. Ba ma zagin wanda ya tafi, gama kowa yana da iyali, amma kuma ba ma ɓoye cewa hasara ce.

Rabon Kowa A Cikin Aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwararre ba zai taɓa isa ko wane ƙauye ba, amma aikinsa yana iya isa ta hannun wasu. Nan Kankiya ta ke da abin alfahari, domin a cikinta Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya Iro ta ke, inda a ke horon ma'aikatan lafiya na matakin farko. Wanda ya fito daga irin wannan makaranta, in ya riƙa auna jinin duk baligin da ya zo gabansa, ya ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a awo bayan awo, ya sa shi a kan hanya tun da wuri, to ya rage wa likitan ƙoda da na shanyewar jiki aiki tun ciwon bai kai gare su ba. Haka in ya tura mai tarin da ya wuce mako 2 a auna majinarsa, gama maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6 a ke sha. In kuma zai tura majinyaci gaba, ya rubuta abin da ya gani da maganin da ya bayar, kada ya sallame shi hannu sake.

Ku kuma malaman makaranta, daga hannunku tafiyar nan ta ke farawa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In kun ga yaro mai kaifin hankali da haƙuri, mai tambayar dalilin abu, ku ƙarfafa shi a kan lissafi da kimiyya, ku kuma gaya wa iyayensa gaskiyar tsawon hanyar, don kada su zaci shekara 4 ce a fara cin moriya. Kada ku manta da 'yan mata. Mata nawa ne ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don kunyar namiji ya duba su?

Ku ma'aikatan ofis, takardar tallafin karatu, da ta albashi, da ta izinin tafiya horo, duk ta teburinku su ke bi. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a cikin durowa yana iya sa ɗalibi ya rasa zango, ko likita ya fara neman fasfo.

Hukuma kuwa, in tana son 'ya'yanta su dawo, ta san abin yi: gida mai kyau kusa da asibiti, da wuta, da ruwa, da ɗakin awo mai aiki, da albashi a kan kari, da tsaron rai. Tana kuma iya shirya ƙwararru su riƙa fitowa daga Katsina suna zaman duba masu hawan jini da suga a manyan asibitocin ƙananan hukumomi a ranakun da aka sani, gama daga Katsina zuwa Kankiya tafiyar kamar awa guda ce a mota. Ɗauko likita ɗaya ya fi sauƙi bisa ga ɗaukar majinyata hamsin.

Ga su kuma masu farar riga da ke tsakiyar wannan karatu, muna yi musu sannu da aiki. Mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. In sun sha, su tuna da waɗanda su ka kawo itacen. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya sa wa ilmin likitocinmu albarka, amin.